Emmi Whitehorse: zanenta aka karrama ko ƙabilarta?

Malama Zainab: Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya ina haɗa darasin da zan yi wa ɗalibaina kan zanen da ba ya kwaikwayon siffar komai, sai na ci karo da aikin wata mata 'yar ƙabilar Navajo ta Amurka, sunanta Emmi Whitehorse. Ga hotuna uku na ɗora. An haife ta a 1957 a Crownpoint, jihar New Mexico. Ta yi digirin farko a zane a Jami'ar New Mexico a 1980, na biyu a bugun zane a 1982, kuma tun daga lokacin hannunta bai huta ba. Amma sai a 2024 aka kai aikinta babban baje kolin Venis na Italiya, bayan ta haura shekara sittin da biyar. Abin da ya tsaya mini a rai ke nan. Shekara arba'in da ɗoriya mace tana abu ɗaya, sai yanzu idon manya ya buɗe? Masana a taimaka.

Malam Bashir Mai Fenti: Wa alaikumus salam. Malama, na buɗe hotunan nan har na ƙara hasken waya, ban ga komai ba sai ja da ruwan goro da 'yan zane-zane kamar kaza ta bi ta kan fenti. Autana ɗan shekara shida in ka ba shi alli da kwali zai yi wannan. Wataƙila ba idon manya ne ya makara ba, babu abin gani ne.

Sadiq: Baba Bashir ya fara 😂

Malam Bashir Mai Fenti: Ba farawa ba ce, ɗana. Shekarata talatin ina zana fuskokin mutane da allunan shaguna. In na zana mutum matarsa ba ta gane shi ba, ba a biya na. Wannan wa zai ce mata ta yi kuskure?

Dakta Aminu: Salam. Tunda a Albuquerque nake zaune, a jihar New Mexico ɗin, bari in sa baki. Malam Bashir, ranka ya daɗe, laifin waya ne ba na idonka ba. Ni ma da hoto na fara ganinta na ɗaga kafaɗa. Wata Asabar muka je Santa Fe da iyali, tafiyar kamar awa ɗaya ce daga nan, muka shiga wani shagon sayar da zane don gudun rana kawai. Akwai nata guda a bango, ya fi ƙofar ɗaki faɗi. Daga nesa ja ne, irin jan da sama take yi in hazo ya haɗu da faɗuwar rana. Da na matsa sai na ga jan ba ɗaya ba ne, hawa-hawa ne, wani a ƙarƙashin wani, kuma ana ganin inda tafin hannu ya murza alli ya shige cikin takarda. A cikinsa akwai ƙananan abubuwa suna yawo: wani kamar ƙwayar iri, wani kamar ganye, wani kamar kwafsar wake da ta bushe, da siraran layuka da za ka rantse rubutu ne, ka matsa ka ga ba harafi ba ne. 'Yata ta ce mini, Abba wannan ƙasa ce in mutum ya sunkuya yana neman allurar da ta faɗi. Na daɗe a tsaye har uwargida ta fara taɓa agogo.

Yadda take aikin ma daban ne. Ba ta jingine takarda a tsaye kamar yadda aka koya mana. Kwantar da ita take a kan tebur, tana zagayawa tana aiki ta kowane gefe, don haka babu sama babu ƙasa sai an gama. Daga baya a manna takardar a kan ƙyallen zane.

Hajiya Rabi Damagaram: Aminu, wannan kwatancin naka ya sa na koma na sake kallo. Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma na tashi gidan masu ɗinkin hula. Wanda bai san aikin ba zai ce zare ne kawai a kan yadi. Yarinyar nan wa ya koya mata launi? Don irin wannan haɗin ba a aji ake samun sa ba.

Dakta Aminu: Hajiya kin harbo daidai. Kakarta masaƙiya ce, kuma gidansu makiyayan tumaki ne. A wajen Navajo saƙa aikin mata ne tun kaka da kakanni, su yi sausayar tumaki, su kaɗa zare, su rina, su saƙa barguna da dardumai a masaƙar tsaye. Har yau a Crownpoint ɗin nan, garinsu, ana yin gwanjon dardumai inda masaƙa ke kawo kayansu da kansu. Kuma su dangantaka ta wajen uwa suke lissafa ta, yaro zuriyar uwarsa yake bi. Ita kanta ta sha danganta idonta na launi da zama kusa da kakar tana saƙa, da kuma yawon kiwo a wannan fili mai faɗi da ke kusa da kangayen Chaco, wani tsohon mazaunin mutanen da.

Malama Zainab: Na gode Dakta. Amma har yanzu tambayata tana nan. Me ya sa aka daɗe?

Sadiq: Anti Zainab, ni amsar a fili take. Ba zanenta ne ya canza ba, kasuwa ce ta juya. Ku dubi Venis ɗin 2024. Wanda ya shirya babban baje kolin, Adriano Pedrosa ɗan Brazil, da gangan ya cika shi da 'yan asalin ƙasashe da waɗanda aka daɗe ana mantawa da su. Ƙasashe na da rumfunansu a wajen, ta Amurka aka ba Jeffrey Gibson, ɗan ƙabilun Choctaw da Cherokee. Babbar lambar rumfuna ta tafi wajen Archie Moore, ɗan asalin Ostareliya. Ɗaya lambar kuma wasu mata huɗu 'yan Maori na New Zealand suka ɗauka. Shekarar 'yan asali ce, guguwar ta kwaso har da ita. In yayin ya wuce za su koma inda suka saba.

Dakta Aminu: Sadiq, rabin maganarka gaskiya ce, amma kada a ɗauka matar nan a ɓoye take sai 2024. Ayyukanta suna gidajen adana zane manya, akwai a Brooklyn, akwai a Denver, akwai a Heard na Phoenix, kuma masu saye sun daɗe suna saye. Ba yunwa take ji ba. Abin da ya makara shi ne a rataye ta a ɗaki ɗaya da sauran masu zanen zamani na Amurka ba tare da an ware ta ɓangaren "kayan ƙabilu" ba. Wannan bangon ne ya daɗe bai faɗi ba.

Malama Zainab: To ai nan nake son a zo. Wa ya gina bangon?

Farfesa: Na ga an kira mu da suna ba tare da an ambace mu ba. Bari in ɗan yi tsawo, a yi haƙuri.

A 1932 wata malama Baturiya, Dorothy Dunn, ta buɗe ajin zane a makarantar 'yan asali da ke Santa Fe. Niyyarta ba mugunta ba ce, so take yaran su zana abin da ke nasu. Amma ita ta yanke yadda "nasu" zai kasance: launi shimfiɗaɗɗe babu inuwa, layi tsaf, masu rawar gargajiya, barewa, dawaki, mace da tumaki. Daga wannan aji manyan masu zanen Navajo na farko suka fito, irin su Harrison Begay da Gerald Nailor da Quincy Tahoma. Gwanaye ne, ba na musu. Sai dai masu saye suka riƙe wannan salon a matsayin shi kaɗai ne zanen ɗan asali. Har ta kai a 1958 gasar Philbrook da ke Tulsa ta ƙi karɓar aikin Oscar Howe, ɗan ƙabilar Dakota, wai bai yi kama da zanen 'yan asali ba. Mutumin ya rubuta musu wasiƙa mai zafi, kuma wasiƙar tana cikin abin da ya sa suka sassauta dokokinsu. Ku duba fa, baƙo ne yake gaya wa ɗan gida cewa bai yi kama da gidansu ba.

To Whitehorse a wannan rigimar ta buɗe ido. Tana ɗaliba a Albuquerque ta shiga wata 'yar ƙungiya mai suna Grey Canyon, wadda Jaune Quick-to-See Smith ta assasa a 1977, matasa 'yan asali masu son yin zanen zamani ba tare da gashin tsuntsu da doki ba. Matsalarsu biyu ce. Mai neman tsarabar yawon buɗe ido ya ce wannan bai yi kama da na Indiyawa ba. Babban gidan zane na New York kuma ya ce ku ai Indiyawa ne, ku je gidan kayan tarihi. Jemage ke nan, ba ka tsuntsu ba ka dabba.

In kuna son ku ga tsawon jinkirin, sai a 2020 babban gidan zane na ƙasa da ke Washington ya sayi zanen fenti na farko a kan ƙyalle daga hannun ɗan asalin Amurka, kuma na ita Smith ɗin ne. Gidan da aka buɗe tun 1941. Daga baya suka sayi na Whitehorse mai suna Fog Bank. Smith kuma sai 2023 gidan zane na Whitney da ke New York ya yi mata baje kolin aikin rayuwarta, ta rasu a farkon 2025. Da ƙyar ta ga abin da idonta.

Sadiq: Allah ya ƙara sani, Farfesa. Amma wannan ai ƙarfafa maganata ya yi. Kunya ce ta kama su, suke biyan bashi. Biyan bashi kuma ba yabo ba ne.

Farfesa: Wanda aka biya bashinsa ba ya tambaya ko mai biyan da murmushi ya zo. Kuma in kunya ce kawai, masu zane 'yan asali dubbai ne, me ya sa ita? Guguwa tana buɗe ƙofa, amma ba ta zana maka abin da za ka shiga da shi.

Malam Bashir Mai Fenti: Ni fa har yanzu ina nan kan bakana. Na ji tarihi, na gode. Amma in an cire sunanta da ƙabilarta a rataye abin nan a bangon asibiti, wa zai tsaya? R.C. Gorman da Dakta ya taɓa ɗora mana a nan, shi ma Navajo ne, ka ga mace zaune da mayafinta, ka san hannu ya yi aiki.

Hajiya Rabi Damagaram: Bashir, shi ya zana matan Navajo ya yi suna. Ita matar Navajo ce da kanta, ta zana abin da idon matar yake gani. Kai ka fi son kallon mace a kan ka ga abin da take kallo, ba tun yau ba.

Sadiq: Hajiya ta gama da Baba 😂😂

Malam Bashir Mai Fenti: Yaya Rabi, girmanki ne. Na yi shiru amma ban sallama ba.

Ummi: Ni sabuwa ce a zauren, a yi mini afuwa. Tambaya ce da ni. Na taɓa ganin Jajayen Indiyawa suna zane da yashi mai launi a ƙasa. Ba shi take kwaikwayo ba, tunda an ce ita ma a kwance take aiki?

Dakta Aminu: Barka da zuwa ƙanwata. Abu biyu. Na farko, sunan nan na Jajayen Indiyawa da muka gada daga finafinan kaboyi, a nan ba a faɗin sa, zagi ne. Su Navajo ma da bakinsu Diné suke kiran kansu, ma'ana mutane. Na biyu, zanen yashin da kika gani ba ado ba ne, na bikin warkar da marar lafiya ne a addininsu na gargajiya. Masu waƙar magani ke yin sa, marar lafiya ya zauna a kai, in an gama a share a kwashe yashin. Ita ba ta ɗauko alamomin ibadarsu ta sa a kasuwa ba, siffofin da ke aikinta nata ne, daga tsirrai da ƙasa da abin da ta tuna. Abin da ake yawan dangantawa da aikinta shi ne wata kalma tasu, hózhó. Wani abokin aikina Navajo ya yi ta ƙoƙarin fassara mini, ya ce kyau ne da daidaito da zaman lafiya da lafiyar jiki duk a dunƙule. Na ce masa mu ma "lafiya" tamu ta kusa haka, daga jiki har gari har hanya. Ya yi dariya ya ce to ka kusa.

Abu Huzaifa: Ni abin da ya burge ni ma shi ne babu surar mai rai a ciki. Irin wannan mutum zai rataya a falo hankali kwance. Da masu zanenmu za su koma nan da sun huta da taƙaddama.

Malam Bashir Mai Fenti: To ga shi an zo kan abincina.

Shugaban Zaure: Jama'a, wannan babin mun yi shi wata uku da suka wuce har mutum biyu suka fita. Kada a sake buɗe shi a nan. A ci gaba da maganar da Malama ta kawo.

Sadiq: Na bi umarni. Amma ga wani abin da ya fi damuna da ita. Crownpoint fa yankin haƙar yuraniyom ne. A watan Yulin 1979 madatsar dattin ma'adinin ta fashe a Church Rock, ba nisa da garinsu, gurɓataccen ruwa ya malale kogin Puerco inda mutane ke shayar da dabbobi. Lokacin tana jami'a. Kakanninta kuma sojojin Amurka sun kora su a ƙafa a 1864 zuwa sansanin tsare mutane na Bosque Redondo, sai 1868 aka bar su suka koma gida. A shekarun 1930 gwamnati ta tilasta musu rage tumakinsu, dukiyar da akasari a hannun mata take. Mai irin wannan tarihin ta zauna tana zana ƙwayar iri da launi mai sanyaya rai? Smith aƙalla ta yi faɗa da zanenta. Shi ya sa nake zargin manyan gidajen nan sun fi son irin Whitehorse, ba ta tayar wa mai kuɗi da hankali in ya rataye ta a ɗakin cin abinci.

Malama Zainab: Sadiq, a nan kam ban bi ka ba, kuma abin ya taɓa ni. Shekarun baya na kai zane uku wani baje koli a kudu. Furannin tumfafiya na zana, don ita ce a bayan gidanmu tun ina yarinya, na san yadda ƙwallonta ke fashewa audugar ta tashi. Mai tantancewa ya juya su ya juya, ya ce mini suna da kyau, amma daga Arewa suna sa ran ganin almajirai ko 'yan gudun hijira ko hawan sallah. Na naɗe kayana na hau mota. Wato ni ba ni da izinin kallon fure sai na fara nuna gyambo. Abin da kake nema daga matar nan shi ne abin da mutumin nan ya nema daga gare ni, kuma shi ne abin da aka nema daga Oscar Howe, riga kawai aka canza. Da an ce zana doki, yanzu an ce zana baƙin ciki.

Kuma wanda aka kori kakanninsa daga ƙasa, aka haƙe ta aka zuba mata guba, in ya shekara arba'in yana zana ƙasar nan a hankali, tsiro bayan tsiro, ni ban ga gudun magana a ciki ba.

Sadiq: Anti, Allah ya huci zuciyarki, ban san da wannan ba. Na janye rabin maganar. Rabin da ya shafi masu saye kuwa yana nan.

Farfesa: Wannan rabin ka riƙe shi, ba a raba kasuwar zane da son rai. Mu ma muna da misali a aljihu. Ladi Kwali gwanar tukwane ce tun kafin ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Baturen nan Michael Cardew a garin da yanzu ake kira Suleja a 1954, sarakuna ma suna ajiye tukwanenta. Amma sai da aka nuna aikinta a Landan sannan sunan ya zagaya duniya. Yau tana bayan naira ashirin, kuma ku tambayi mutum goma a tasha sunan matar da ke jiki ku ji.

Hajiya Rabi Damagaram: Mu da ke kashe sefa ma ba mu san ta ba sai yau. Aminu, tambaya ta ƙarshe kafin in tashi salla. Mutanen garinsu fa, suna sanin abin da take yi? Ko sai Turawa?

Dakta Aminu: Hajiya, ƙasar Navajo babba ce, ta ratsa jihohi uku, Arizona da New Mexico da Utah, masu rajistar ƙabilar sun kai wajen 400,000, kuma har yau akwai gidaje da yawa da babu ruwan famfo. Ita kuma a Santa Fe take zaune, can kasuwar zane take. Abokin aikin nan nawa da na nuna masa hoton aikinta, sunan gidansu ya gane kafin ya gane zanen. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce launin ya yi masa kama da hanyar gidan kakarsa bayan an ɗauke ruwa. Da na gaya masa irin kuɗin da ake sayar da manyan zane a shagunan Santa Fe, sai ya tambaye ni tumaki nawa ke nan.

Malam Bashir Mai Fenti: Tunda kun dame ni, bayan la'asar na shimfiɗa takarda a kan teburin shago, na daka allin makaranta mai launi, na murza da hannu ina zagayawa kamar yadda Dakta ya ce. Ja na farko ya yi kyau. Da na ɗora ruwan ɗorawa sai ya koma kamar kunun kanwa, na uku kuma taɓo. Yaron shagona ya shigo ya tambaye ni ko fenti ne ya zube. Ban ce zan sayi nata ba, ko da ina da kuɗin. Amma maganar autana na janye ta.

Malama Zainab: Malam, allin allo ba zai yi ba, ba ya kama takarda. Sai na masu zane mai laushi, kuma ka bar kowane hawa ya zauna kafin ka ɗora wani. Ina da ragowar kwali ɗaya, zan ba direban da ke zuwa Kano ranar Laraba ya kawo maka.

Malam Bashir Mai Fenti: Allah ya saka da alheri. Ki haɗo da ɗaya daga cikin tumfafiyar nan taki in gani, in ba ki jefar ba.

Malama Zainab: Suna ƙarƙashin gado, sai na kakkaɓe ƙura.